Gida, Turu da Asibiti: Tarihin Kula da Masu Taɓin Hankali a Ƙasashen Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin likitancin ƙwaƙwalwa a littattafan Faransanci, da wuya ya wuce shafi goma bai ci karo da kalmomi biyu ba, watau asile da maison de santé. Ta farko tana nufin gidan da hukuma ke tsare mahaukata a ciki, ta biyu kuwa gida ne na mai zaman kansa, inda dangin majinyaci ke biyan kuɗin kwana da abinci da magani. Tambayar da wannan takarda ta ɗauko ita ce: mene ne ya tsaya a matsayin waɗannan gidaje a ƙasar Hausa ta Nijar? Mun taƙaita bincikenmu ga gundumomi uku na jihar Maraɗi: Agye da Gazawa, waɗanda ke gabas da birnin Maraɗi a kan hanyar Damagaram, da Gidan Rumji da ke yamma a kan hanyar Yamai. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011. Kafin nan tana ƙarƙashin Agye ne.

Abin da muke son nunawa shi ne: a waɗannan ƙasashe, kula da mai taɓin hankali tun asali aikin masu zaman kansu ne, watau dangi da malami da ƴan bori da boka. Hukuma ta shigo cikin lamarin a makare, kuma daga nesa. Saboda haka tarihin gidajen mahaukata masu zaman kansu a nan shi ne tarihin ɗakin bayan gida, da turu, da mari. Za mu fara da abin da harshe ya adana, sa'an nan mu leƙa Turai don kwatanci, mu dawo gida mu bi zamani uku: kafin zuwan Nasara, lokacin mulkinsu, da bayan samun mulkin kai.

1. Abin da harshe ya adana

Daga sunan hauka Hausa ta samar da aikatau haukace da haukata, da kuma sunan mai yi: mahaukaci, mahaukaciya, mahaukata. Kamar yadda aka sani, ɗafin ma- ba sunan mai yi kaɗai yake ginawa ba, yana gina sunan wuri ma, kuma sau da yawa karin sauti ne kawai ke raba jam'in masu yi da wurin da suke yi. Misali: mahàutā (masu fawa) da mahautā (wurin fawa); marìnā (masu rini) da marinā (wurin rini); maƙèrā (masu ƙira) da maƙērā (wurin ƙira). A bisa wannan ƙa'ida, babu abin da zai hana a sami mahaukatā mai karin sama duka, da ma'anar wurin da ake tara mahàukàtā. Amma Bahaushe bai ƙirƙiri wannan kalma ba. Da wurin ya bayyana a zamanin Nasara, sai aka yi masa harɗaɗɗen suna, aka ce gidan mahaukata ko asibitin mahaukata.

Rashin kalma shi kaɗai ba ya isa hujja a tarihi. Sai dai idan muka haɗa shi da yawan kalmomin da ke akwai a wasu fannoni, zai nuna mana inda hankalin al'umma ya karkata. Wajen faɗar ciwon, akwai kalmomin sakayawa da yawa: taɓin hankali, taɓuwa, motsuwa, bugun iska, juyewar kai, har zuwa hauka tuburan, wanda ba ya ɓoyuwa. Wajen kayan tsarewa kuwa akwai turu, watau gungumen itace da ake huda a sa ƙafar mutum. Akwai mari, ƙarfen da maƙeri ke ƙerawa a ɗaure ƙafafu biyu. Akwai kuma sarƙa. Ke nan harshen ya tanadi sunan ciwo da sunan abin ɗauri, bai tanadi sunan gini ba.

Wani abin lura shi ne yadda sunan wuri ke komawa sunan ciwon. Bafaranshe in ya ce wane ya dace da Charenton, kowa ya san abin da yake nufi. Haka mutumin Kano ke yi da Dawanau, na Sakkwato da Kware, na Yamai kuma da Pavillon E. Dukan waɗannan sunaye na asibitocin hukuma ne, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke cikin gundumomin da muke magana a kai.

2. Gidajen kuɗi a Turai

Kafin gwamnatocin Turai su gina manyan gidajen mahaukata a ƙarni na 19, sana'ar tana hannun masu zaman kansu ne. A Ingila, tun ƙarni na 17 akwai mutanen da ke karɓar mahaukata a gidajensu don kuɗi, kuma da yawansu ba likitoci ba ne. A shekarar 1728 marubuci Daniel Defoe ya koka da yadda wasu maza ke kai matansu masu cikakken hankali waɗannan gidaje don su rabu da su. Dokar 1774 ce ta fara wajabta wa mai gida neman izini, da karɓar masu bincike, da neman takardar likita kafin a tsare wanda danginsa ke biya. A wani gefen kuma, daga masu zaman kansu ne gyara ya fito: gidan da William Tuke ya buɗe a York a 1796 ya yi suna ne saboda rage ɗauri da mai da hankali ga kyakkyawar mu'amala.

A Faransa ma haka abin yake. Philippe Pinel, wanda ake jingina wa kwance mahaukata daga sarƙa, ya fara sanin wannan ciwo ne a gidan kuɗi na Belhomme a Paris, kafin a naɗa shi likitan Bicêtre a 1793. Shi kuwa Belhomme ba likita ba ne. Almajirin Pinel, watau Esquirol, shi ma yana da gidansa na kuɗi, wanda daga baya ya mayar Ivry. Dokar 30 ga Yuni 1838 ba ta rufe waɗannan gidaje ba. Ta ba kowace gunduma zaɓi: ko ta gina nata gidan, ko ta ƙulla yarjejeniya da wani gida na hukuma ko na mai zaman kansa. Amma ta gindaya sharuɗɗa: babu mai buɗe gida sai da izinin gwamnati, dole a ajiye rajista mai ɗauke da sunan kowane majinyaci da na wanda ya kawo shi, dole a kawo takardar likitan da ba ma'aikacin gidan ba ne, kuma mai gabatar da ƙara na hukuma zai ziyarci gidan kuɗi aƙalla sau ɗaya cikin wata uku, ba tare da ya faɗi ranar zuwansa ba.

Dokar ba ta hana ɓarna baki ɗaya ba. A babban gidan iyalin Labitte da ke Clermont, a 1880, wani mai kula da gonar gidan ya kashe majinyaci ya ɓoye gawarsa. Sai dai maganar ta kai gaban alƙali, kuma a 1887 gidan ya koma hannun hukuma. Darasin da za mu riƙe daga nan shi ne: wanda aka rubuta sunansa, in ya ɓace za a tambaya.

3. Kafin zuwan Nasara

Ƙasashen nan uku suna cikin yankin da sarakunan Katsina da na Gobir suka sake kafa mulkinsu bayan jihadin 1804: Katsinawa a Maraɗi da Tasawa, Gobirawa kuma a Tsibiri tun 1836. Tsibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji. A wannan zamani hukumomi uku ne ke da ruwa da tsaki a kan mai taɓin hankali.

Na farko shi ne gida. A fiƙihun Malikiyya mahaukaci ba shi da ikon sayarwa ko ƙulla wata yarjejeniya, waliyyinsa ne ke tsaya masa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi ke karantawa, ta lissafa hauka cikin aibobin da ke ba da damar warware aure. A al'ada kuma, ciwon mutum ɗaya yana shafar auren ƴan'uwansa mata da maza, domin masu neman aure suna bincikar asali. Wannan ne ya sa ɓoyewa ta zama matakin farko. Muddin mutum ba ya duka, ba ya sa wuta, akan bar shi ya yi yawonsa, gari ya ci da shi. In ya fara zama haɗari ga kansa ko ga wasu, sai a kira masassaƙi ko maƙeri.

Na biyu shi ne malami, mai rubutun sha da tofi da laya da hayaƙi. Idan jinya ta yi tsawo, akan bar majinyaci a gidan malam tare da wani nasa mai dafa masa abinci, a biya da hatsi ko dabba ko aikin gona. Wannan shi ne abin da ya fi kama da maison de santé a ƙasarmu: gida ne na mutum ɗaya, sunan mai gidan ne ke jawo mutane, kuma dangi ne ke biya.

Na uku shi ne bori. A nan akwai tsari na sarauta, domin Inna a Tsibiri da Iya a Maraɗi su ne shugabannin ƴan bori, kuma dukansu daga gidan sarauta suke. Jacqueline Monfouga-Nicolas, a littafinta na 1972 kan borin ƙasar Maraɗi, ta nuna cewa rashin lafiya ce ƙofar shiga bori. Girka jinya ce ta kwanaki, ana keɓe majinyaci a hannun mai girka, dangi su ɗauki nauyin abin yanka da tufafin iskoki da ladan makaɗa. Bambancinta da turu shi ne tana da ranar farawa da ranar gamawa, kuma wanda ya fito yana samun matsayi da abokan zama.

Ya kamata mu lura cewa mari bai keɓanta ga mahaukaci ba. Ƙarfen da aka sa wa bawan da ake tsoron ya gudu, shi ake sa wa mai laifi a gidan yari, shi ne kuma ake sa wa mai ciwo. Wannan tarayya ta sa har yau da wuya a raba jinya da horo a idon jama'a.

4. Zamanin Nasara

Faransa ba ta zartar da dokar 1838 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta mallaka ba. Daga 1897 hukumar Senegal ta riƙa tura wasu majinyata ta jirgin ruwa zuwa gidan Saint-Pierre na Marseille, inda mafi yawansu suka mutu nesa da danginsu. A taron likitocin ƙwaƙwalwa da aka yi a Tunis a 1912, rahoton Reboul da Régis ya soki wannan hali, ya nemi a gina wuraren jinya a cikin ƙasashen kansu. Sai a ranar 28 ga Yuni 1938, shekara ɗari bayan dokar Faransa, gwamna janar na Dakar ya sa hannu a kan ƙudurin kafa hukumar kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa a Afirka ta Yamma. Shekara guda bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aikin ya tsaya a takarda.

A ƙasa mai nisa da teku kamar Nijar, abin da ke akwai shi ne ɗan ɗakin kulle a gefen gidan likita, wanda Faransawa ke kira cabanon, ko kuma gidan kaso. Kumandan ba ya ganin mahaukaci sai in ya tayar da hankalin kasuwa ko ya yi kisa. Abin da ya faru a ƙasar Filinge a 1925 ya nuna irin wannan kallo: da wasu masu hawan iska suka fara kwaikwayon sojoji da hafsoshin Nasara, kumandan Crocicchia bai kira likita ba, kama su ya yi ya kulle. Sunan da ya bi waɗannan iskoki, watau Hauka, kalmar Hausa ce, kuma da shi Jean Rouch ya sanar da su ga duniya a fim ɗinsa na 1955.

Su ma ƴan mishan, waɗanda su ne manyan masu aikin jinya masu zaman kansu a wancan lokaci, ba su shiga wannan fage ba. Mishan ta SIM ta zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Ke nan kuturu ya sami gida mai zaman kansa, da magani, da rajista. Mahaukaci bai samu ba. Har Nasara suka tafi a 1960, ba a gina gidan mahaukata na hukuma ko na kuɗi a ƙasashen Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba. Sashen da aka buɗe a asibitin Yamai a tsakiyar shekarun 1950, wanda aka sani da Pavillon E, yana da nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi.

5. Bayan mulkin kai

Abubuwa biyu sun sauya likitancin ƙwaƙwalwa a daidai wannan lokaci. Na ɗaya, a 1952 Delay da Deniker suka gwada maganin Largactil a asibitin Sainte-Anne na Paris, aka ga cewa ƙwaya na iya kwantar da wanda da sai ɗauri. Na biyu, likitoci biyu a Afirka ta Yamma suka nuna cewa ba dole sai da katanga ba: Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, Henri Collomb kuma, wanda ya kama aiki a asibitin Fann na Dakar a 1959, ya wajabta ɗan rakiya daga dangi, ya kuma saurari masu maganin gargajiya. In an duba da kyau, abin da suka mayar tsarin asibiti shi ne abin da gidan malam ya daɗe yana yi, illa iyaka sun ƙara masa magani da rubutu.

Amma wannan ci gaba ya daɗe bai iso ƙauyukanmu ba. A nan zan kawo abin da na gani da idona. A ƙarshen shekarun 1980, ina yaro, nakan je hutu ƙauyen su mahaifiyata a ƙasar Gazawa. Akwai wani ƙanenta da ciwo ke taso wa lokaci lokaci. In ya taso, sai a sa shi a turu a inuwar rumbu, kakata ta riƙa kai masa fura tana zama kusa da shi har ya sha. Wata rana na tambaye ta: "Kaka, wane laifi kawu ya yi?" Ta ce: "Ba laifi ya yi ba, maigidana. Rijiya muke jiye masa." Rijiyar garin kuwa mai zurfi ce ƙwarai. Sau ɗaya aka kai shi asibiti a birni, bayan an sayar da ɗan bijimi. Ya dawo da sauƙi, ya yi noma damina guda, maganin ya ƙare, ba a sami kuɗin komawa ba. Gyambon da turu ya yi masa a idon sawu bai warke ba har ya rasu. Babu wanda ya ƙi shi a gidan nan, kuma babu wata takarda a duniya da ta nuna yawan kwanakin da ya yi a ɗaure.

Labarin kawuna ya nuna inda matsalar take: ciwon na shekaru ne, maganin na wata wata ne, kuɗin manomi kuwa na kaka ne. Nijar ta kafa shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa a 1993, amma a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake sayowa daga waje ya yi tsada, a daidai lokacin da aka fara karɓar kuɗin jinya a gidajen likita. Mutanen waɗannan gundumomi, da yake suna bakin iyaka, sukan nufi Katsina ko Kano ko Kware, gwargwadon inda suke da dangi. A wajen malamai kuma, tun shekarun 1990 ruƙiyya ta yaɗu, bori ya ja baya a garuruwa. Daga shekarun 2000 ƙwayar taramol ta kawo sabon nau'in majinyaci, watau saurayin da iyaye suka rasa gane ko mai ciwo ne ko kangararre. Daga 2019 kuma dubban mutanen da suka gudo daga hare-haren ƴan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka sauka a gundumar Gidan Rumji, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Da yawansu sun ga abin da ke hana barci.

6. Gidan mari da abin da ya faru a 2019

Idan buƙata ta yi yawa, hukuma kuma ta yi nisa, gidan malam mai majinyaci biyu ko uku yakan girma ya zama wani abu dabam. A watan Satumba na 2019 ƴan sandan Nijeriya suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka buɗe wasu gidajen irinsa a Daura da Katsina, garuruwan da ke maƙwabtaka da jihar Maraɗi. A ciki an tarar da masu taɓin hankali da masu shan ƙwaya da yaran da suka gagari iyayensu, duk a haɗe, kuma galibi dangi ne suka kai su, suna biya. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ta sami shaidar ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasashe 60, abin da ke nuna cewa lamarin ba na Hausawa ko na Musulmi kaɗai ba ne.

Wanda ya san tarihin Ingila kafin 1774 zai gane waɗannan gidaje nan take: mai gida ba likita ba, kuɗi daga dangi, babu rajista, babu mai leƙawa. Bambancinsu da gidan malamin ƙauye shi ne rashin ɗan rakiya. Muddin uwa ko ƙane na kwana kusa da majinyaci, akwai idon da ke ganin abin da ake yi masa. Ranar da aka ce dangi su ajiye shi su tafi, ranar ce jinya ke fara komawa kurkuku.

Kammalawa

Mun ga cewa a ƙasashen Agye da Gazawa da Gidan Rumji hukuma ba ta taɓa karɓar mai taɓin hankali daga hannun danginsa ba, kamar yadda ta yi a Faransa bayan 1838. Wannan yana da alherinsa, domin an tsira daga manyan gidajen da Turai kanta ta dawo tana rufewa. Yana kuma da sharrinsa, domin wanda ke turu a bayan rumbu ba ya cikin lissafin kowa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma wannan yarjejeniya ta shafi masu taɓin hankali.

A ganinmu, rufe gidajen malamai da ƙarfin jandarma ba zai kwance kowa ba, sai dai ya mayar da ɗaurin cikin ɗaki. Abin da tarihi ya nuna yana aiki abu uku ne: a san kowane gida da ke kwantar da majinyata, a rubuta sunan wanda ke ciki da ranar shigarsa, ma'aikacin gidan likita mafi kusa ya riƙa ziyara ba tare da sanarwa ba, magani kuma ya samu a kusa, a kan farashin da manomi zai iya biya a watan bazara. Mu kuma masu nazarin harshe muna da namu aikin. Bahaushe na cewa hauka maganinka Allah, kuma likitan da bai san bambancin taɓuwa da bugun iska da hauka tuburan a bakin mai magana ba, ba zai gane abin da dangi ke gaya masa ba. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffi da malamai da ƴan bori na gundumomin nan uku, tare da jimlolin da suke fitowa a ciki, aiki ne da ɗalibanmu masu neman digiri na biyu za su iya farawa tun hutun bana.